Junior Seau: Gwarzon Ƙwallon Amurka da Raunin da Ido Ba Ya Gani

 A wannan makon shafin wasanni na allon labaranmu zai tsallaka zuwa Amurka. Idan aka ce ƙwallo a nan wurinmu, kowa ya san ƙwallon ƙafa ake nufi, irin wadda muke bugawa idan an fita tara. Amurkawa kuwa suna da wata ƙwallon tasu daban, wadda suka fi so fiye da kowane wasa. Sun fi ɗaukar ta a hannu, kuma karo da juna yana cikin dokokinta. Zan ba ku tarihin ɗaya daga cikin manyan gwanayen wannan wasa, mai suna Junior Seau. Sunan nasa na biyu ana faɗinsa "Se-aw". Ya yi shekara 20 yana wasa a babbar gasar ƙasar, ya yi suna, ya samu dukiya, amma ya rasu yana ɗan shekara 43 kacal. Abin da likitoci suka gano a ƙwaƙwalwarsa bayan rasuwarsa ya sa mutane da yawa suka sake tunani a kan buguwar kai a wasanni. Akwai kuma wani likita ɗan Najeriya a cikin labarin.

Yadda ake wasan

Kafin mu fahimci aikin Seau, sai mun san yadda wasan yake. Kowace ƙungiya tana sa 'yan wasa 11 a fili. Ƙwallon ba ta da zagaye kamar tamu, doguwa ce mai tsini a kowane gefe, ta fi kama da ƙwai. Tsawon filin yadi 100 ne, wato kusan mita 91, sai kuma wani yanki mai yadi 10 a kowane ƙarshe. Ƙungiyar da ta kai ƙwallo cikin yankin abokan hamayyarta tana samun maki 6. Idan kuma aka buga ta da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen sanduna biyu da ke ƙarshen fili, maki 3 ke nan.

Ƙungiyar da take riƙe da ƙwallo ana ba ta dama 4 ta ci gaba da aƙalla yadi 10. Idan ta yi nasara, a sake ba ta wasu 4. Idan ta kasa, ƙwallo ta koma hannun ɗaya ɓangaren. Akwai hanya biyu ta ci gaba: ko ɗan wasa ya rungume ƙwallon ya ruga da ita, ko a jefa wa wani da ke gaba ya cafe. Aikin masu tsaron gida shi ne su kayar da mai ɗauke da ƙwallo har ƙasa kafin ya yi nisa. Saboda haka duk 'yan wasan suna sa hular kwano da matasai masu tauri a kafaɗa da cinya. Babbar gasar ƙwararru ita ce NFL, kuma a yau ƙungiyoyi 32 ne a cikinta. Wasan ƙarshe da ake fitar da zakara shi ake kira Super Bowl, kuma sama da mutum miliyan 100 ne suke kallonsa a talabijin.

Wane ne lainbaka?

Masu tsaron gida sahu uku ne. A gaba akwai ƙattai masu nauyi waɗanda suke ture-ture da ƙattan ɗaya ƙungiyar. A can baya akwai masu gudu waɗanda suke bin masu cafe ƙwallo. A tsakiya kuma akwai waɗanda ake kira lainbaka, ma'ana masu tsayawa a bayan sahun gaba su ƙarfafa shi. Galibi su uku ne ko huɗu.

Aikin lainbaka yana da wuya domin ya haɗa komai. Dole ya zama mai ƙarfi, saboda zai yi karo da mutumin da ya fi shi nauyi. Dole ya zama mai gudu, saboda zai kori mai ɗauke da ƙwallo. Dole kuma ya zama mai kaifin basira, saboda cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu zai gane dabarar da abokan hamayya suka shirya, ya sanar da 'yan'uwansa. Wani abu kuma shi ne, lainbaka yakan taho da gudu daga nesa kafin ya yi karo, don haka karon nasa ya fi na 'yan sahun gaba tsanani. A wasa ɗaya zai iya yin karo sau da yawa, ban da wanda yake yi a wajen atisaye. Ku riƙe wannan a zuciya, domin za mu dawo kansa.

Yaron da ya kwana a gareji

An haifi Junior Seau ranar 19 ga Janairu, 1969, a jihar Kalifoniya. Cikakken sunansa Tiaina Baul Seau, sunan mahaifinsa ke nan, shi ya sa ake ce masa Junior, wato ƙarami. Iyayensa mutanen Samowa ta Amurka ne, wasu ƙananan tsibirai a tsakiyar Tekun Fasifik. Yana ƙarami iyalin suka koma can suka yi wasu shekaru, sannan suka dawo garin Oceanside, kusa da birnin San Diego. Harshen Samowa ake yi a gidansu, bai iya Turanci ba sai da ya kai shekara 7.

Iyayensa ba masu kuɗi ba ne. Mahaifinsa ya yi aiki a masana'antar roba, ya kuma yi aikin shara da kula da gine-gine. Mahaifiyarsa ta yi aiki a kantin wani barikin soja da kuma wurin wankin kaya. Gidan ya yi musu kaɗan, don haka shi da 'yan'uwansa maza a garejin mota suke kwana. A makarantar sakandare ta Oceanside ya shahara a wasa uku: ƙwallon Amurka, da ƙwallon kwando, da wasannin guje-guje da jefe-jefe.

Maki goma da suka zaunar da shi

A Amurka jami'o'i suna da ƙungiyoyin wasa masu ƙarfi, kuma suna ba hazikan 'yan wasa tallafin karatu. Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda ke birnin Los Angeles, ita ta ɗauki Seau. Sai dai a wancan lokacin akwai doka: ɗalibi ba zai yi wa jami'a wasa a shekararsa ta farko ba sai ya samu aƙalla maki 700 a jarrabawar shiga jami'a. Seau ya samu 690. Maki 10 kawai suka rage masa, amma doka doka ce. Haka ya zauna a gefe shekara guda cur yana kallon wasu suna wasa.

Wannan abu ya yi masa zafi ƙwarai, domin wasu sun riƙa kallonsa a matsayin mai ƙarfin jiki marar ƙoƙari a aji. Bai bar makaranta ba. Ya dage da karatu da atisaye har aka ba shi dama. A 1989 aka zaɓe shi cikin fitattun 'yan wasan jami'o'in Amurka baki ɗaya. A jami'ar ne ya fara sa riga mai lamba 55, lambar da aka san shi da ita har ƙarshen wasansa.

Shekara ashirin a fili

Kowace shekara ƙungiyoyin NFL suna zama su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i bi da bi, kuma ƙungiyoyin da suka fi rauni su suke fara zaɓe. A 1990 Seau shi ne mutum na 5 da aka zaɓa a duk ƙasar. Ƙungiyar da ta ɗauke shi kuwa ita ce San Diego Chargers, wato ƙungiyar yankinsu. Ɗan gida ya dawo gida.

Tsayinsa ya kai kusan mita 1.9, nauyinsa kuma kusan kilo 113, amma yana da zafin nama kamar ƙaramin mutum. An san shi da iya hasashen inda ƙwallo za ta bi tun kafin a fara. An kuma san shi da sammakon zuwa wurin motsa jiki tun abokan wasansa suna barci. Idan ya kayar da abokin hamayya yakan yi tsalle ya naushi iska, 'yan kallo su ɓarke da sowa. Shekara 12 a jere, daga 1991 zuwa 2002, ana zaɓen sa cikin taurarin gasar.

Wasan da aka fi tuna shi da shi an yi shi ne a watan Janairun 1995, a birnin Pittsburgh. Wanda ya ci wannan wasa shi zai je Super Bowl. Seau yana fama da ciwon wata jijiya da ta maƙale a wuyansa, ciwon da ya raunana masa hannu. Duk da haka ya shiga fili, ya kayar da masu ɗauke da ƙwallo har sau 16. Chargers ta yi nasara da ci 17 da 13, ta je Super Bowl karo na farko a tarihinta. A can ƙungiyar San Francisco ta doke su da ci 49 da 26.

Bayan kaka 13 a San Diego, ya koma Miami Dolphins a 2003. A can raunuka suka dame shi, tsokar ƙirjinsa ta yage a 2004, ya kuma ji ciwo a agara a 2005. A watan Agustan 2006 ya sanar da cewa ya yi ritaya, amma bayan kwana 4 kacal ya sa hannu da New England Patriots. A shekarar ya karye a hannu, ya warke, ya dawo. A kakar 2007 Patriots ta cinye duk wasanninta 16 na zagayen farko, ta kai Super Bowl, amma New York Giants ta doke ta da ci 17 da 14 a mintunan ƙarshe. Ke nan sau biyu Seau yana zuwa wasan ƙarshe bai ɗaga kofi ba. Ya daina wasa bayan kakar 2009, yana gab da cika shekara 41. Jimillar wasannin da ya buga a zagayen farko na gasar 268 ne, kuma ya kayar da masu ɗauke da ƙwallo fiye da sau 1,800.

Ga wani abin mamaki. A duk waɗannan shekaru 20, ba a taɓa sa sunansa a jerin masu rauni saboda buguwar ƙwaƙwalwa ba, ko sau ɗaya. Daga baya tsohuwar matarsa ta bayyana cewa ya sha samun irin wannan buguwa, amma yakan tashi ya ci gaba da wasa. Abokan wasansa sun san shi da ƙin nuna ciwo a gaban mutane. A wancan lokacin abin yabo ne a ce ɗan wasa ya bugu ya miƙe ya koma fili. Wanda ya ce kansa yana juyawa, sai a ga kamar rago ne, kuma yana tsoron kada wani ya maye gurbinsa.

Mutumin kirki a wajen fili

Mutanen San Diego suna son Seau har da abin da yake yi a wajen fili. A 1992 ya kafa gidauniya mai ɗauke da sunansa domin taimaka wa yara da matasa. Tana ba ɗalibai tallafin karatu, tana kuma tallafa wa shirye-shiryen hana cin zarafin yara da shaye-shaye. A ƙarshen kowace shekara yakan tara yaran talakawa da 'yan wasa su je kanti tare, yaran su sayi kyaututtukan da za su kai wa iyalansu. NFL ta ba shi lambar yabo ta gwarzon shekarar 1994, wadda ake bai wa ɗan wasan da ya haɗa ƙwazo a fili da hidima ga jama'a. A 1996 ya buɗe gidan abinci a San Diego. Mutum ne mai fara'a, kowa ya haɗu da shi sai ya kira shi aboki. Yana son hawa igiyar ruwan teku a kan allo, yana kuma kaɗa wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu da ake kira ukulele.

Bayan an daina tafi

Da ya yi ritaya, mutanen waje sun ci gaba da ganin Seau mai murmushi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Iyalinsa sun bayyana daga baya cewa halinsa ya riƙa canjawa a shekarunsa na ƙarshe. Ya daɗe yana fama da rashin barci. Ya fara mantuwa da abubuwan da bai kamata ya manta ba. Yakan fusata a kan ƙaramin abu, yakan shiga baƙin ciki, yakan janye jiki daga 'ya'yansa, alhali a da yana da kusanci da su. Ya faɗa caca da shan giya, kuɗinsa suka yi ta zurarewa. A watan Oktoban 2010 motarsa ta faɗa daga kan wani tudu a bakin teku, ya tsira da ƙananan raunuka, ya ce barci ne ya sace shi.

Ranar 2 ga Mayu, 2012, aka same shi a gidansa na Oceanside babu rai. Hukuma ta tabbatar da cewa shi ya kashe kansa. Ya bar 'ya'ya 4 da iyayensa. Dubban mutane sun taru a filin wasan San Diego domin juyayi, kuma Chargers ta sanar da cewa babu ɗan wasanta da zai ƙara sa lamba 55. Kowa yana tambaya: me ya sami mutumin da yake da suna, da masoya, da iyali?

Abin da likitoci suka gano

Iyalinsa sun yarda a miƙa ƙwaƙwalwarsa ga babbar cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Cibiyar ta ba wasu ƙwararrun likitoci ita su duba ba tare da an gaya musu ta wane ne ba, don kada sunansa ya rinjayi hukuncinsu. A watan Janairun 2013 aka bayyana sakamako: Seau yana ɗauke da wata cuta da ake taƙaita sunanta da CTE. Ma'anar sunan ita ce lalacewar ƙwaƙwalwa sannu a hankali saboda yawan buguwa.

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, kuma tana zaune ne a cikin wani ruwa a cikin ƙoƙon kai. Ku ɗauki misalin ɗanyen ƙwai. Idan kuka naɗe shi da tsumma mai kauri kuka girgiza shi da ƙarfi, ɓawon ba zai fashe ba, amma gwaiduwar da ke ciki za ta yi ta kai da kawo. Hular kwano kamar tsumman nan take. Tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, kuma wannan babban amfani ne, sai dai ba ta iya hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Idan mutum yana cikin gudu ya tsaya farat ɗaya saboda karo, ƙwaƙwalwar takan motsa, ta murɗe, siraran zaren da ke kai saƙo a cikinta su miƙe fiye da ƙima.

A cikin waɗannan zaren akwai wani sinadari mai suna tau, wanda aikinsa shi ne riƙe su daram. Idan buguwa ta yi yawa shekara da shekaru, sinadarin yakan lalace ya dunƙule, musamman a kewayen ƙananan jijiyoyin jini. Dunƙulen yakan yaɗu a hankali yana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Masu bincike sun gano cewa har ƙananan karon da ba sa sa mutum jiri suna taruwa su yi ɓarna idan sun yi yawa. Hausawa sun ce a juri zuwa rafi, wata rana tulu zai fashe. Yanzu ku tuna aikin lainbaka, ku lissafa karon shekara 20 a NFL, ku haɗa da na jami'a da na sakandare.

Alamomin da aka gani a jikin mutane da yawa masu wannan cuta sun haɗa da mantuwa, da saurin fushi, da baƙin ciki mai tsanani, da kasa kame kai. Har yanzu ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutum ya rasu, idan aka duba ƙwaƙwalwarsa da madubin likita. Wato Seau ya rayu da ita bai san sunan abin da yake damun sa ba. Likitoci suna jan hankali cewa ba za a ce cutar ita kaɗai ce ta jawo mutuwarsa ba, domin dalilan da suke kai mutum ga haka sukan haɗu da yawa. Abin da aka tabbatar shi ne ƙwaƙwalwarsa ta lalace, kuma irin lalacewar da yawan buguwa yake kawowa ce.

Likita ɗan Najeriya

Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya yi rubutu a kan irin wannan matsala a jikin 'yan dambe. Amma an daɗe ana ɗauka cewa matsalar 'yan dambe ce kawai. Wanda ya fara nuna ta a ƙwaƙwalwar ɗan wasan NFL shi ne Dakta Bennet Omalu. An haife shi a 1968 a yankin da yake jihar Anambra a yau, ya karanta likitanci a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, ya yi aiki a Jos, sannan ya tafi Amurka a 1994.

A 2002 yana aikin binciken gawa a Pittsburgh aka kawo masa gawar Mike Webster, wani shahararren tsohon ɗan wasa da ya rasu yana da shekara 50 bayan ya sha fama da ruɗewa da mantuwa. A ido ƙwaƙwalwar Webster lafiya lau take. Omalu bai gamsu ba, ya sa aka yanka ta siri-siri aka rina, ya duba da madubin likita, sai ya ga dunƙulen tau. Ya wallafa binciken a 2005. Maimakon a gode masa, sai wasu likitocin da ke aiki da NFL suka nemi a janye rubutun, suna cewa kuskure ne. Bai janye ba, ya ci gaba da bincike, wasu masana kuma suka samu irin sakamakonsa. A 2015 aka yi fim a kan gwagwarmayarsa, inda Will Smith ya fito a matsayinsa.

A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasan NFL 111 da suka rasu, suka samu cutar a 110. Sai dai su da kansu sun yi gargaɗi cewa yawancin iyalan da suka ba da ƙwaƙwalwar sun yi haka ne saboda sun riga sun ga alamun ciwo, don haka wannan adadi ba ya nufin kusan kowane ɗan wasa yana da ita.

Abin da ya canja

Iyalin Seau sun kai NFL kotu a 2013, suna zargin ta da ɓoye haɗarin buguwar kai. Tsofaffin 'yan wasa fiye da 4,500 su ma sun kai ƙara. A shekarar NFL ta amince ta biya dala miliyan 765, daga baya kuma aka cire iyakar kuɗin. Iyalin Seau sun ƙi shiga wannan sulhu, sai a 2018 suka sasanta nasu, ba a bayyana adadin ba. A 2016 wani babban jami'in NFL ya amsa a gaban 'yan majalisar Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar.

An kuma gyara dokoki. Yanzu laifi ne ɗan wasa ya sunkuyar da kai ya soki wani da hularsa. An rage yawan karo a wajen atisaye. A kowane wasa akwai likitan da ba ma'aikacin ƙungiya ba ne a bakin fili, kuma duk wanda aka tabbatar ya samu buguwar ƙwaƙwalwa ba zai koma wasa a ranar ba. Tunanin 'yan wasa ma ya canja. A 2015 wani lainbaka mai suna Chris Borland, na ƙungiyar San Francisco, ya ajiye wasa yana ɗan shekara 24 bayan kaka ɗaya tak, ya bar kuɗi masu yawa, saboda yana so ya tsufa da hankalinsa. A wannan shekarar ne aka sa sunan Seau a zauren karrama gwarazan wasan da ke garin Canton, a jihar Ohio, 'yarsa ta tsaya a madadinsa.

Abin da ya shafe mu

Mu ba ma buga ƙwallon Amurka, amma muna buga ƙwallon ƙafa, inda kai biyu sukan haɗu a sama, ko mai tsaron gida ya bugu da ƙarfen raga. Muna kallon dambe, muna hawa keke da babur. Ba ina cewa mu daina wasa ba. Motsa jiki yana da amfani, kuma buguwa ɗaya ba ta kawo CTE. Sai dai buguwa ɗaya ma tana buƙatar kulawa, musamman ga yara, shi ya sa tun 2015 hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka.

Abin da aka saba gani a filayenmu shi ne, idan yaro ya bugu a ka sai a zuba masa ruwa, a ce ya tashi ai shi namiji ne. Likitoci ba haka suka ce ba. Ba sai mutum ya suma ba kafin a ce ƙwaƙwalwarsa ta bugu. Idan yana jin ciwon kai, ko jiri, ko tashin zuciya, ko yana gani dishi-dishi, ko ya kasa tuna abin da ya faru, to ya fita daga wasa, kada ya koma a ranar, kuma a sanar da malamin wasanni da iyayensa. Buguwa ta biyu kafin ta farko ta warke ta fi haɗari. Idan kuwa yana ta amai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko yana jijjiga, ko ana tashin sa daga barci da ƙyar, a garzaya da shi asibiti nan take. Masu hawa babur kuma su sa hular kwano, domin tana hana fashewar kai.

'Yan'uwana ɗalibai, kada mu yi wa wanda ya ce kansa yana ciwo dariya, kada mu kira shi matsoraci. Haka nan idan wani cikinmu ya daɗe yana cikin damuwa, ko ya kasa barci, ko ya ji duniya ta yi masa zafi, ya gaya wa iyayensa ko malamin da ya yarda da shi, domin irin wannan ma ciwo ne kuma ana maganinsa. Malamanmu masu kula da wasanni, muna roƙon ku riƙa tambayar mu sau biyu idan mun faɗi, domin yaro yakan ce lafiyarsa ƙalau don kada a cire shi daga wasa.

Mu haɗu a fitowa ta gaba.